Ɗuma Inji a Asubahin Hunturu

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, mai kunne a Badafi yana iya bambance gwanin babur da ɗan koyo tun yana cikin bargo, bai ma leƙa ƙofar gida ba. Da an sallame sallar asuba sai ƙarar babura ta fara tashi gida-gida. Wani kik ɗaya, na biyu inji ya kama, ya zauna a silo yana dum-dum-dum abinsa, ba hayaniya. Wani kuwa sai ya yi kik goma, ya huta, ya ƙara goma, in Allah ya sa ya tashi sai ya murɗe totur har ƙarshe, unguwa duk ta ɗauka, jarirai su farka. Na farkon nan shi ya san abin da yake yi. Abin da yake gudanarwa cikin minti biyun nan ilimi ne sukutum, na kunne da tafin hannu da haƙuri, kuma ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, domin a kansa tsawon ran babur ya rataya.

Badafi mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kiru. Kiru da ƙananan hukumomin Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ƙasar noma ce, ƙauyuka a warwatse, gonaki a tsakani, hanyoyin burji da na ƙafa ke sada su da kwalta. A irin wannan wuri babur ya gaji jaki, ya gaji keke, ya kuma ɗauke wa mota rabin aikinta. A cikin birnin Kano, tun Janairun 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, Adaidaita Sahu ta maye gurbin acaɓa. Nan karkara kuwa ba abin da ya maye gurbinsa. Shi ke kai buhun masara Kwanar Ɗangora, shi ke kai injin ban-ruwa fadama, shi ke kai malamin firamare makarantar da ke ƙetaren rafi, mai shi ake buga wa ƙofa in naƙuda ta kama mace tsakar dare. Yawancin waɗannan tafiye-tafiye kuma da duku-duku ake fara su, daidai lokacin da muku-mukun sanyi ya fi tsanani.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ƙetaro Sahara ɗauke da ƙura, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Busasshiya ce ƙayau, babu laimar da za ta riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, shi ya sa da dare ya raba sai zafin ya gudu. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi a Kano kan sauka zuwa digiri 13 ko 14 da asuba, wasu ranakun ya gangara ƙasa da 10. In ka bar Kwanar Ɗangora ka miƙi hanyar Jos, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore ka nufi duwatsun Riruwai, ƙasa hawa take yi, sanyin ma yana hawa tare da ita. Masu noman rani a gefen madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, su ma sun san yadda ɗari ke kwanciya a kwari da bakin ruwa. Bai kai sanyin Rasha ko Kanada ba, inda ruwa ke daskarewa a cikin famfo. Amma ya isa ya sauya halin fetur, ya sauya na baƙin mai, ya sauya na ƙarfen injin kansa.

Mutane da yawa na zaton ruwan fetur ne ke cin wuta a cikin inji, alhali tururinsa ne ke ci. Aikin kafireto shi ne ya feso fetur ƙanana-ƙanana cikin iskar da inji ke zuƙa, kusan kashi 15 na iska a kan kashi 1 na fetur in da nauyi aka auna, sa'annan zafin bututu da na kan inji ya mai da feshin tururi kafin fulogi ya ƙyasta. Ran da inji ya kwana cikin ɗari, bututun nan sanyi ƙalau yake. Feshin na fitowa sai ya manne a jikinsa ya zama ɗigo, abin da ke isa wurin fulogi kusan iska ce zalla. Ga shi iskar sanyi ta fi ta zafi cunkushewa, don haka a duk zuƙa ɗaya iskar ta fi ta kullum yawa. Fulogi na ƙyastawa, bai sami abin kamawa ba. Asalin kik goma ba amsa ke nan.

Abin da masu ƙera babur suka tanada don wannan shi ne cok, ɗan maɓallin nan da ke jikin kafireto ko a gefen hannun hagu. A wasu babura, in an ja shi yakan rage ƙofar iska. A wasu kuma yakan buɗe wata 'yar hanya ta daban da ƙarin fetur ke bi. Ko ta ina aka bi, wuri ɗaya ake zuwa: fetur ya yi yawa a cikin haɗin, ta yadda ko rabi ya maƙale a hanya, sauran ya isa ya kama wuta. Lura da hannun gwani yayin da yake taka kik, za ka ga bai taɓa totur ba. Ya san in ya buɗe shi, iska ta sami babbar ƙofa ta kwararo, ta wargaza haɗin da cok ya shirya. Ɗan koyo kuwa yana kik yana murzawa, da hannunsa yana warware abin da ƙafarsa ke ƙullawa.

Babbar maganar tana wurin baƙin mai, don shi ne ba a gani. Duk wanda ya taɓa buɗe galan ɗin manja da safiyar hunturu ya tarar ya yi barci, sai an kai shi rana ko gefen murhu kafin ya zubu, ya riga ya fahimci rabin zancen. Man inji ba ya daskarewa haka a irin sanyinmu, amma yana yin kauri sosai, ya ƙi gudu. Tun dare kuma ya tsiyaye daga sama ya taru a gindin inji. Can sama, inda kam da tafet da bawul suke, ɗan shafe kawai ya rage. Inji na tashi, ɗan famfon da ke ciki zai fara tura man ta wasu siraran hanyoyi har ya kai kan inji, mai kauri kuwa ba ya hawa da sauri. A ɗan tsakanin nan, in inji na zaune a silo, wajen zagaye 1,400 a minti, shafen da ya rage ya isa ya riƙe. In aka murɗe totur ya haura zagaye 6,000, to ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Ba a ranar za a ga ɓarnar ba, ba kuma a makon ba. Sai watanni sun shuɗe mai babur ya fara jin ƙas-ƙas a kan inji, sai hayaƙi, sai mai ya riƙa raguwa ba inda yake ɗiga, ya yi ta zagin kamfani alhali shi ya ci injinsa kaɗan-kaɗan, kowace safiya loma ɗaya.

Lambobin da ke jikin galan ɗin mai ma zancen sanyi suke yi. Ɗauki 20W-50, wanda ya fi yawa a shagunanmu. Lambar farko, mai W, tana faɗin yadda man ke gudu cikin sanyi. Ta biyu tana faɗin kaurinsa in ya yi zafi har digiri 100. Iyakar ƙanƙantar ta farko, iyakar saurin hawansa da safe. Shi kuwa man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba suna ba lamba, ba wanda zai iya gaya maka halinsa da asuba, ko shi mai sayarwar. Na san tsadar rayuwa ce ke kai mutane gare shi, ban kuma ga laifin wanda bai da hali ba. Amma gwanayen da na sani, in za su yi tsimi, sukan yi shi a wani wuri su bar mai. Da yawansu da hunturu ya kunno kai suke juye, domin tsohon mai da ya sha ƙura da toka ya fi sabo nauyin tashi.

Sai ƙarfen. Fistin da alminiyam ake yinsa, bangon silinda kuwa baƙin ƙarfe ne, kuma alminiyam in ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Masu ƙera inji sun san haka, shi ya sa suka bar ɗan tsakani, wanda ba ya cika daidai sai inji ya kai zafin aikinsa. Da sanyi, fistin yana ɗan lilo a ciki, ringi bai zauna sosai ba, fetur da hayaƙi na sulalewa ta gefe su gangara cikin mai. In aka ɗuma a hankali, fistin da silinda tare suke buɗewa har su haɗu inda aka auna musu. In aka ba shi wuta farat ɗaya, fistin ne ke riga buɗewa, don shi wuta ke dukan kansa, silinda kuwa iskar hunturu na kaɗa ta daga waje.

To ga yadda gwani ke bi da wannan duka, ba tare da ya taɓa karanta ko layi ɗaya a kai ba.

Saboda ɓarayi, a zaure ko a ɗaki babur ke kwana, kuma hakan na taimakonsa, don bango na tare masa iska. Amma gwani ba ya tayar da shi a ciki. Turo shi yake yi waje, inji a kashe. Hayaƙin salansa na ɗauke da wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, ita ce dai wadda ke hallaka masu kwana da garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki. Zauren da aka toshe ƙofarsa da buhu saboda ɗari, yara na kwance a ciki, minti kaɗan ya isa ya zama tarko. Wannan kam ba wurin sakaci ba ne.

Ya kafe shi a miƙe a kan ƙafarsa ta tsakiya, don mai ya kwanta daidai. Ya zaro gejin mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba. Ya buɗe fetur. Kafin ya murɗa makulli sai ya taka kik sau biyu ko uku a hankali, ba da ƙarfi ba, don abubuwan ciki su motsa, haɗin fetur ya fara shiga. Sa'annan ya kunna, ya ja cok, ya laluba kik da ƙafa har ya ji inda ya yi tauri, ya sake shi ya dawo sama, ya yi bisimilla ya taka guda ɗaya mai kyau har ƙasa. Ko baburin na da sitata, tashin farko da kik yake yi, domin sanyi na rage wa batir ƙarfi, ga inji ya yi nauyin juyawa.

Daga nan aikin ya koma kunne, kuma nan ne gwanintar take. Inji na tashi da cok muryarsa takan ɗan ɗaga. Bayan daƙiƙa ashirin ko talatin sai ta fara nauyi, ta koma bub-bub-bub, yana neman shaƙewa. Wannan alama ce bututu ya fara ɗumi, fetur ɗin da ɗazu bai isa ba yanzu ya yi yawa. Sai gwani ya mai da cok rabi. Murya ta washe. Ya ɗan jira, ya mayar gaba ɗaya. In inji ya tsaya da ƙafarsa a silo, sai ya gwada shi: ya ɗan taɓa totur kaɗan, ba murɗawa ba. In ya yi tari ko ya nemi mutuwa, da saura. In ya amsa nan take, ya hau ya sauko sumul, to ya shirya. Wasu kan ƙara da kai bayan hannu kusa da tsage-tsagen nan na jikin silinda; da sun ji ɗumi ya fara fitowa, shi ke nan. Duka-duka minti ɗaya ne zuwa biyu. A ranar da ɗari ya yi tsanani a Doguwa, a ce uku.

Kuma ba tsayuwar banza yake yi ba. Yana sauraro yana zagaya baburin. Ya matsa taya da babban yatsa, don iskar taya kan ragu da sanyi. Ya taɓa sarƙa ya ji ko ƙura ta busar da ita. Ya gwada birkin gaba da na baya, ya kunna fitila, ya goge madubi. Ya kama kuloci ya saki, ya kama ya saki, sa'annan ya riƙe shi ɗan lokaci kafin ya sa giya, domin faifan kuloci a cikin mai suke kwana, mai kauri kuma yakan manne su. Wanda bai yi haka ba shi ne za ka ji giyar farko ta shiga da ƙara, garam, babur ya zabura ya mutu. Ya ɗaure buhu, ya ja hular sanyi, ya naɗa rawani ya rufe hanci, ya sa safar hannu, ya yi addu'ar hawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, gwani ya san ɗumin bai ƙare a ƙofar gida ba, a hanya ake ƙarasa shi. Mai ba ya sakin jiki sosai sai ya doshi digiri 80, kuma inji mai shan iska irin na babur ƙirar Boxer, da yake tsaye a silo cikin sanyin digiri 12, zai daɗe bai kai can ba. Tafiya a hankali ta fi tsayuwa saurin ɗuma shi, kuma tana ɗuma abin da tsayuwa ba ta taɓawa: giya, sarƙa, taya. Don haka kilomita biyu ko uku na farko lallaɓawa yake yi, totur bai wuce rabi ba, yana canja giya da wuri amma ba ya barin inji ya yi nishi a babbar giya, musamman in buhu biyu ne a baya. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin ya fito daga burji ya hau kwalta, inda dole ya yi gudu daidai da motocin Zariya, inji ya riga ya kai inda ake so.

Na taɓa tsayawa a rumfar wani bakanike a bakin titi wata safiyar Janairu, an kawo masa babur tun dare. Yaronsa ya tayar da shi, nan take ya shiga ba shi wuta.

"Kai, sakar masa totur ɗin nan! Wa ya aike ka?"

"Oga, so nake ya yi saurin ɗaukar zafi. Mai shi sauri yake."

"To man ya hau? Kashe shi. Zo nan."

Ya bar shi ya ɗan huce, ya ɗauko dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a kan murfin tafet, ya kai ƙotar kunnen yaron, sa'annan ya taka kik da kansa. "Me ka ji?"

"Ƙas-ƙas, Oga."

"Kar ka ɗauke kunnenka."

Yaron ya yi tsit. Can sai fuskarsa ta sauya. "Ya yi laushi."

"Yanzu ya iso. Duk wutar da ka ba shi kafin wannan, daga aljihun mai shi ka cire."

Da sukundireba ɗaya ya koya masa abin da na ɓata sakin layi guda ina bayani, kuma ina da yaƙinin yaron nan ba zai manta ba.

Akwai kuma masu wuce gona da iri. Za ka ga an tayar da babur, an bar shi da cok a ja, mai shi ya koma ciki shan koko, minti goma, kwata. Suna ganin kulawa ce, amma ita ma ɓarna ce. Fetur ɗin da ya yi yawa ba ya ƙonewa duka. Wani ya zama baƙin toka a bakin fulogi, wani ya wanke man da ke bangon silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa. Ga asarar kuɗi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta haura 1,000. Mai sayen fetur kwalba-kwalba a wurin 'yan bumburutu bai da na ƙonawa a tsaye. Tsadar nan ta rage masu dogon ɗumi, sai dai ta ƙara masu hawa nan take ba ɗumi ko kaɗan, musamman samarin da ke tuƙa baburin wani suna kai balas. Wanda ya sai da amfanin gonarsa ya sayi nasa, da wuya ka ga ya yi masa haka.

Dattawan da suka fi tsananta maganar ɗumi suna da dalilinsu. Sun taso ne a zamanin Vespa da Yamaha da Suzuki, sa'annan Jincheng ta ƙasar Sin, samfurin AX100 da aka kwaikwayo daga Suzuki, wadda ta cika hanyoyin ƙauye kafin Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya ta karɓe kasuwa. Waɗancan injina ba su da tafkin mai a gindi. Mansu tare da fetur yake shiga, ya shafi fistin ya ƙone, shi ya sa suke bulbulo shuɗin hayaƙi. Irinsu in aka matsa musu da sanyi, fistin na iya kumbura ya cije a cikin silinda, tayar baya ta ƙulle ana cikin tafiya. Wanda ya taɓa ganin haka a kan burji ba ya ƙara wasa da ɗumi har abada. Injin Boxer da ire-irensa ya fi haƙuri, ba kasafai yake cijewa nan take ba. Shi a hankali yake ramawa, da borin, da sabon fistin da ringi, wani lokaci har inji ya buga gaba ɗaya.

Cikin minti biyun nan ne kuma gwani ke duba lafiyar injinsa kyauta, ta salansa. Farin tururi mai saurin bajewa ba komai ba ne, ruwa ne. Kowace lita ta fetur da ta ƙone tana haifar da kusan lita guda ta ruwa, a matsayin tururi. Da rana ba a ganinsa, da asuba sanyi ke bayyana shi, har ya riƙa ɗiga a bakin salansa. Shi ya sa baburin da iyakarsa gida zuwa masallaci, bai taɓa ɗaukar zafi sosai ba, salansarsa ke saurin ruɓewa daga ciki. Baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur, cok ya daɗe ko kafireto na zubar da fetur fiye da kima. Shuɗi kuwa, a injin da mansa ba ya shiga tare da fetur, baƙin mai ne ke ƙonewa. In da safe kawai yake yi ya ɗauke, a duba robar bawul. In ya ƙi ɗaukewa, ringi sun gaji.

Ƙurar hunturu ita ma tana da nata hannu. Soson iska da ke tace abin da inji ke zuƙa yakan toshe cikin 'yan makonni a hanyar burji, kuma toshewarsa na sa babur ya zama tamkar cok ɗinsa a ja yake har kullum. Abin mamaki, irin wannan babur yakan yi saurin tashi da asuba, mai shi ya yi ta murna, da rana kuwa ya rasa ƙarfi, ya riƙa shan mai. Gwani in ya ga baburinsa ya tashi cikin tsananin ɗari ba cok, ba ya murna, soso yake cirowa ya wanke. Bakanikai kuma sukan ɗan ɗaga silo da shigowar sanyi don inji ya daina mutuwa a tsaye. Mai lura yakan koma a sauke masa in zafin Maris ya shigo.

Akwai dabarun da na fi so a bari. Wasu kan hura wutar kara ko leda a ƙarƙashin inji, ga tanki a sama, ga tiyon fetur na ɗiga. Wasu kan sheƙa tafasasshen ruwa a kan inji, ya shiga hular fulogi da wayoyi ya ƙara musu aiki. Turawa a saki kuloci tana tayar da babur, amma in ta zama ta kowace safiya, to akwai abin da ke neman gyara: fulogi, ko tafet, ko ƙaramar hanyar fetur ta silo da datti ya toshe.

Matasa masu kallon bidiyon Turai a waya sukan zo da hujja cewa injin zamani ba ya buƙatar ɗumi. Gaskiya ne a wurin da aka faɗe ta. Babura da motocin can suna da na'ura mai auna sanyin iska da zafin inji, ita ke ƙara fetur ta rage da kanta, ga mai marar kauri da ke hawa nan da nan. Ko a Indiya, tun da dokar rage hayaƙi ta Afrilun 2020 ta fara aiki, yawancin sababbin babura sun bar tsohon kafireto. Amma akasarin waɗanda ke zirga-zirga tsakanin Badafi da Kiru da Tiga har gobe kafireto ne da cok, aikin da na'ura ke yi a can, a nan kunnen mahayi ke yinsa. Su ma masu na'urar, littafin kamfani bai ce a ba su wuta daga tashi ba.

Kada a manta shi ma mahayin jikinsa sanyi yake. Yatsun da suka sandare ba sa kama birki da sauri, ga hazo ya rufe hanya, tirela ba ta ganin babur sai ta zo dab da shi. Za ka ga gwani ya tallabi gefen inji da hannu biyu kafin ya sa safa, yana murza yatsu, kuma ba ya kashe fitila sai rana ta keto hazo.

In kuwa an kuskure, an yi ta kik da cok har warin fetur ya tashi, inji ya ƙi ko tari, to ya sha fetur, fulogi ya jiƙe. Ƙarin cok ƙarin wahala ne. Sai a mai da cok, a rufe fetur, a buɗe totur har ƙarshe a riƙe, a taka kik sau biyar ko shida don iska ta share ɗakin wuta. Yawanci zai yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama. Da ya kama sai a saki totur a buɗe fetur. In ya ƙi, a kwance fulogi da sifana, a goge shi da busasshen tsumma, a taka kik 'yan sau ramin a buɗe, makulli a kashe, a mayar a ɗaure. Haka nan baburin da ya yi tafiyar safe ya tsaya a kasuwa awa ɗaya ko biyu ba ya son cok kuma, da sauran ɗumi a jikinsa, kik ɗaya ya ishe shi.